Shafen Tururi a Kan Zaren Kabon: Me Ɗan Adam Yake Ƙerawa, Me Yake Tararwa?

Zaren kabon siriri ne ƙwarai. Kaurin sili ɗaya wajen maikiromita 7 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kan mutum, kuma ana sayar da shi ne a dunƙule, sili 1,000, 3,000, 6,000 ko 12,000 a igiya ɗaya. Lantarki yana ratsa shi, amma da ƙyar. Jan ƙarfe ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan aka shigar da wannan zare tanderu, aka kora tururin wasu sinadarai ta kansa, wata fata mai ƙyallin ƙarfe takan tsiro a jikin kowane sili, kaurinta bai cika maikiromita ɗaya ba. Idan kuma aka sanyaya zaren zuwa wajen digiri 256 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, fatar nan takan bar lantarki ya wuce babu turjiya ko ƙanƙane.

Aiki ne na injiniyoyi, amma ya faɗa tsakiyar wata tsohuwar muhawara ta masu falsafa da malaman tauhidi. Babu wannan siffa a cikin zaren, babu ita a cikin iskokin da aka kora, ga shi kuma ta bayyana bayan an haɗa su. To, me mai tanderun ya yi? Ya samar da sabon abu ne, ko ya yi wa tsohon abu rini, ko kuwa ya buɗe ƙofa ne kawai ga abin da dama yake nan a ɓoye?

Siffar da ake nema

Kowace waya tana yi wa lantarki turjiya, kuma turjiyar ce ke komawa zafi. Shi ya sa wayar da aka ɗora wa kaya fiye da kima take ɗumi har ta narke. A shekarar 1908 Heike Kamerlingh Onnes, a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ya yi nasarar mayar da iskar hiliyam ruwa, abin da ya ba shi sanyin da babu wanda ya taɓa kaiwa. A watan Afrilun 1911 ya auna zaiba a cikin wannan sanyi, sai ya ga turjiyarta ta ɓace farat ɗaya a kelbin 4.2. Ma'aunin kelbin yana fara ƙidaya ne daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifirin Salshiyas. A 1914 ya nuna cewa lantarkin da aka saka cikin zoben dalma mai irin wannan sanyi yana ta kewayawa ba tare da batir ba. A 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano a Balin cewa irin wannan jiki yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa.

Bayanin dalili bai zo ba sai 1957, lokacin da John Bardeen, Leon Cooper da Robert Schrieffer na jami'ar Illinois a Amurka suka nuna cewa a tsananin sanyi ilektiron sukan haɗu biyu-biyu ta hanyar girgizar jerin ƙwayoyin zarra na ƙarfen, sannan duka su shiga hali ɗaya, su riƙa tafiya tare. Shekara 46 ke nan tsakanin gani da fahimta. Wani abin mamaki kuma, azurfa da jan ƙarfe da zinariya, waɗanda suka fi kowane ƙarfe kai lantarki a zafin ɗaki, ba sa shiga wannan hali. Dalma da kuza da niyobiyam, waɗanda ba su kai su ba, su ne suke shiga.

Yadda ake shafen

Hanyar shafe da tururi ta girmi sanin wannan siffa. Masu ƙera ƙwan lantarki a shekarun 1880 sun riƙa ɗumama zaren gawayin ƙwan a cikin tururin mai, kabon ya riƙa sauka a wuraren da zaren ya fi siranta, domin nan ne ya fi zafi. Ludwig Mond ya tace nikel ta hanyar iska a 1890, Anton van Arkel da Jan de Boer suka tace titaniyam da zirkoniyam a kan waya mai zafi a 1925. Asalin abin ɗaya ne: iska mai ɗauke da sinadari ta taɓa jiki mai zafi, ta warware, ta bar daskararren abu a jikinsa, sauran ya wuce. Baƙin da ke taruwa a gilashin fitilar ƙwai idan lagwani ya yi tsawo ɗan'uwan wannan ne, sai dai shi babu mai sarrafa shi.

Zaren kabon na zamani ya zo daga baya. Roger Bacon na kamfanin Union Carbide ya samar da silin kabon mai ƙarfi a 1958, Akio Shindo a Osaka ya fitar da shi daga zaren roba mai suna PAN a farkon shekarun 1960, sannan masu bincike a Farnborough ta Ingila suka inganta hanyar. A shekarun 1970 da farkon 1980, masu bincike a Karlsruhe ta Jamus, da wasu a Amurka, suka gwada ɗora masa haɗin niyobiyam da kabon da naitirojin.

Ana fara aikin da wani gari rawaya, haɗin niyobiyam da kulorin, wanda yake narkewa a wajen digiri 205, ya tafasa a wajen 250. Ba ya jure danshi. Da ya sha iska mai laima sai ya lalace, don haka a rufe ake ajiye shi. Ana ɗumama garin har ya zama tururi, a kora shi tare da haidirojin da naitirojin, wani lokaci da iskar metan kaɗan, cikin wani bututu mai zafin digiri 1,000 ko kusa da haka. Zaren yana warwaruwa daga wani ƙwarƙwaro, ya ratsa bututun a hankali, ya naɗu a wani. A jikin sili mai zafi haidirojin yakan fizge kulorin ya fice da shi a matsayin iska mai cin ƙarfe, niyobiyam ya zauna, naitirojin da kabon su shige guraben da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Akwai kuma hanya mai hawa biyu, inda ake ɗora niyobiyam zalla tukuna, daga baya a gasa shi cikin naitirojin. Daga ƙarshe ana lulluɓe silin da jan ƙarfe, domin idan wani wuri ya yi ɗumi ya fita daga halinsa, lantarkin ya samu ta inda zai bi kafin wayar ta ƙone.

Wahalar tana wajen daidaito. Idan zafi ya yi yawa, tururin yakan warware tun a bakin igiya: silin waje su samu fata mai kauri har su manne da juna, na tsakiya su fito tsirara. Idan tururin ya yi kauri, gari ne zai zuba a ƙasan bututu maimakon fata. Iskar oksijin kaɗan da ta saɗaɗo ta wata kafa tana iya sauke iyakar kelbin da fatar ke aiki a ƙasa da ita, wato ta tilasta a ƙara sanyayawa. Niyobiyam yana cin kabon, don haka idan aka daɗe a wuta zai rarake silin da yake zaune a kai. Sannan idan ana hucewa fatar takan tsuke fiye da zaren, wanda kusan ba ya motsi a tsawonsa, sai ta tsattsage.

Dalilin jure wannan wahala shi ne gautsi. Haɗe-haɗen niyobiyam masu aiki sosai suna da gautsi, ba a iya jan su a mayar da su waya kamar jan ƙarfe. Amma abu mai gautsi idan ya siranta sosai yana lanƙwasuwa, kamar yadda ake naɗe zaren gilashi. Zaren kabon yana da ƙarfi, ba shi da nauyi, kuma yana jure wuta in babu oksijin. Haɗin niyobiyam da naitirojin kuma yana jure ja da matsi da ruwan nutiron fiye da haɗin niyobiyam da kuza, abin da ya sa aka yi masa fatan shiga manyan maganaɗisu na injinan haɗa ƙwayoyin zarra.

Tsohuwar gardama a kan rini

Aristotal ya raba abubuwa gida biyu. Abin da ya tsiro da kansa yana ɗauke da tushen motsinsa a cikinsa. Abin da aka ƙera kuwa daga waje aka ɗora masa siffa. Ya kawo misalin gadon katako: da za a binne shi ya tsiro, itace zai fito, ba gado ba. Duk da haka ya yarda cewa sana'a tana kwaikwayon ɗabi'a, wani lokaci ma tana kammala abin da ɗabi'a ta kasa kammalawa.

A duniyar Musulmi tambayar ta yi zafi ne a kan alkimiyya, wato neman mayar da ƙarfe maras daraja zinariya. Alkindi ya yi rubutu yana sukar masu wannan sana'a, Abubakar Arrazi ya kare su. Alfarabi ya ce ƙarafa duka jinsi ɗaya ne, bambancinsu a sifofi ne masu zuwa su tafi, kamar launi da laushi, saboda haka juya ɗaya zuwa wani ba gagara ba ne. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya ƙi wannan a sashen ma'adinai na littafinsa Asshifa. A wurinsa kowane ƙarfe jinsi ne mai zaman kansa, kuma abin da ya bambanta shi da sauran ɓoyayye ne ga mutum; wanda bai san abu ba kuwa ba zai iya samar da shi ko kawar da shi ba. Iyakar mai alkimiyya ita ce rini: ya farantar da jan ƙarfe ya yi kama da azurfa, ko ya rawayantar da shi ya yi kama da zinariya, har ya ruɗi gwani, amma cikin yana nan yadda yake. An fassara wannan sashe zuwa Latin wajen shekarar 1200, aka liƙa shi a ƙarshen wani littafin Aristotal, Turawa suka daɗe suna ɗaukarsa maganar Aristotal ce.

Wanda ya mayar da martani mafi ƙarfi shi ne Attugra'i, mawaƙi kuma sakataren sarakunan Saljuƙawa, wanda aka kashe wajen 1121. Ibn Khaldun ya adana hujjarsa a Muƙaddima. Attugra'i ya ce mai sana'a bai taɓa cewa shi ke halittar abin da ya bambanta jinsi da jinsi ba. Aikinsa shirya abu ne har ya dace da karɓar siffa, ita kuwa siffar daga Mahalicci take zuwa, kamar yadda goge jiki yake shirya shi ya karɓi haske. Saboda haka ba dole ne mai shiryawa ya san haƙiƙanin abin da zai sauka ba. Ibn Khaldun ya amsa cewa wannan raddi ya yi daidai a kan Ibn Sina, sannan ya kawo tasa hujjar ta ƙin alkimiyya, wadda za a zo gare ta.

Idan aka ɗora zaren nan a kan wannan ma'auni, rabin maganar Ibn Sina ta tsaya da ƙafarta. Babu ƙwayar zarra ɗaya da ta sauya jinsi a cikin bututun. Niyobiyam ɗin da ya shiga a gari shi ne ya fito a fata, kabon yana nan kabon. Duk wutar tanderu ba ta taɓa cibiyar ƙwayar zarra. An iya juya jinsi daga baya, amma ta wata hanya dabam: a 1980 a Berkeley an fitar da 'yan ƙwayoyin zinariya daga ƙarfen bismut da injin harba ƙwayoyi, a kan kuɗin da ya ninka darajar zinariyar ba adadi.

Ɗaya rabin kuma ya faɗi. Ibn Sina ya ɗauki abin da ke saman jiki a matsayin ruɗi, gaskiya tana can ciki. Ga zoben da aka yi wa ruwan zinariya haka ne. A wannan zare kuwa fatar ce ke yin aikin, cikin dako kawai yake yi. Kuma ba dabarar tsimi ba ce: a 1935 'yan'uwa biyu, Fritz da Heinz London, sun nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu bai yi yawa ba, lantarkin da ke bin irin wannan jiki a bakin fatarsa yake tsayawa, cikin zurfin da bai kai maikiromita ɗaya ba. Idan ƙarfin ya yi yawa, haɗe-haɗen niyobiyam sukan bar shi ya ratsa su a siraran layuka, kamar yadda Alexei Abrikosov ya bayyana a Mosko a 1957. Layukan nan idan suka motsa turjiya takan dawo, kuma abin da ke riƙe su shi ne aibobin fatar, wato iyakokin ƙananan ƙwayoyinta da gurɓatattun wurare. Fata mai tsafta sarai ba ta ɗaukar lantarki mai yawa. Mai alkimiyya ya ƙare rayuwarsa yana wanke ƙarfe daga datti; mai wannan aiki sai ya auna dattin da zai bari.

Ina siffar take zaune?

Niyobiyam zalla yana rasa turjiya a kelbin 9.2. Naitirojin iska ce, ko an daskarar da ita ba ta kai lantarki. Amma idan ta shiga niyobiyam sai iyakar ta hau zuwa wajen kelbin 16, abin da aka gano a Jamus a 1941, kuma da ɗan kabon takan kai 17 zuwa 18. An ƙara abin da ba ya kai lantarki, aikin ya kusa ninkawa. Ke nan siffar ba kaya ba ce da ke cikin kowane sinadari, a zuba a tara. A jeri take zaune: yadda ƙwayoyin suka tsaya da juna, da yadda jerin yake girgiza. Ilektiron ɗaya ba ya da wannan siffa, ƙwayar niyobiyam ɗaya ma haka. Philip Anderson ya yi wannan hujja a wata maƙala ta 1972: sanin dokokin ƙananan abubuwa ba ya ba mutum ikon ciro halayen tarinsu daga kansa, domin a kowane hawa na yawa sababbin halaye suna fitowa.

Kabon kansa ya ba da shaida. A 2004 an ga cewa lu'ulu'un daimon da aka cusa wa boron yana rasa turjiya a wajen kelbin 4. A 2018, a cibiyar MIT ta Amurka, an ɗora falle biyu na kabon masu kaurin ƙwaya ɗaya, aka karkata ɗaya da digiri 1.1, sai suka rasa turjiya a ƙasa da kelbin 2. Ba a ƙara musu wani sinadari ba, kusurwar ce mabuɗi.

A nan mai son ɗaukaka ɗan Adam zai ce: to ai jerin nan mutum ne ya yi shi, don haka shi ne mai siffar. Amma mutum bai zaɓi kusurwar ba, tarar da ita ya yi. Da ya karkata da digiri 5 babu abin da zai gani. Bai sa wa haɗin niyobiyam iyakar kelbin 18 ba, kuma da yana da iko da ya ɗaga ta zuwa zafin ɗaki tuntuni. Labarin haɗin magniziyam da boron ya fi fito da wannan fili. An san shi tun shekarun 1950, ana sayar da shi gari a kwalba, amma sai a 2001 ƙungiyar Jun Akimitsu a Tokyo ta sanyaya shi ta ga yana rasa turjiya a kelbin 39. A shekarar ce kuma masu bincike a Ames ta Amurka suka turara zaren boron da tururin magniziyam suka samu waya. Siffar ta yi shekara kusan hamsin a kan kanta babu mai tambayarta. Niyobiyam ma ya sha irin wannan zama. Charles Hatchett ya gano shi a Landan a 1801, ya daɗe babu amfani. A filayen kuza na Jos, baƙin yashin kolumbait mai ɗauke da shi shara ne da ke ɓata wa masu wankin kuza aiki, har zuwa lokacin da masana'antar ƙarfe da injinan jirgin sama suka buƙace shi; a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Yanzu mafi yawansa daga Araxá ta Burazil yake fitowa.

Akwai kuma masu cewa siffar ta ɗakin gwaji ce zalla, babu ita a halitta. Wannan ma bai tsaya ba. Zurfin sararin samaniya yana da sanyin kelbin 2.7, kuma a 2020 masu bincike a San Diego sun samu ƙwayoyin haɗin dalma da kuza da indiyam masu wannan hali a cikin dutsen Mundrabilla da ya faɗo daga sama a Ostireliya. Abin da babu shi a halitta shi ne zaren da aka shafe, mai jan ƙarfe a bayansa, naɗe a ƙwarƙwaro. Wannan kam aikin hannu ne.

Wuta da auduga

Daga nan tambayar takan koma ta tauhidi: idan siffa tana bin sharuɗɗa, sharuɗɗan ne ke yin ta? Algazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna wannan a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa, da misalin wuta da auduga. Ya ce ido yana ganin ƙuna a lokacin haɗuwarsu, amma ba ya ganin cewa wutar ce ta aikata; Allah ne mai aikatawa, haɗuwar kuwa al'ada ce da Ya gudanar. Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da cewa wanda ya kore sababi ya kore sani, domin da ayyukansu ake gane abubuwa, kuma hikimar Mahalicci a cikin tsarin sababan take bayyana. Ɗaliban tauhidi a ƙasar Hausa sun san matsayin farko ta littattafan Muhammad Assanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, inda aka ware hukuncin al'ada daga hukuncin hankali: na al'ada alaƙa ce da maimaituwa ta tabbatar, wadda saɓawarta ba ta zama koren hankali ba.

Tarihin zaren kabon ya taɓa wannan misali kai tsaye. A 1879 Thomas Edison ya gasa zaren auduga a rufaffen mazubi inda iska ba ta shiga. Bai zama toka ba, ya zama zaren gawayin da ya haskaka ƙwan lantarki. Wuta ta sadu da auduga, ƙunar da aka saba ba ta auku ba, saboda akwai sharaɗi na uku da magabata ba su san sunansa ba, wato oksijin. Algazali da kansa ya hango irin wannan. A mas'alar nan ya kawo labarin mai shafe jikinsa da ma'adinin ɗalƙ ya zauna a tanderu wuta ba ta ci shi ba, yana nuna cewa wanda bai taɓa gani ba zai ƙaryata, alhali yana yiwuwa a sa wa jiki siffar da za ta tare aikin wuta. Kafin 1911, da an tambayi gwanin lantarki ko akwai wayar da ba ta turjiya, da zai ce babu. Hukuncinsa na al'ada ne, ya ɗauke shi na hankali.

Sai dai wannan bai yanke wa ɓangare ɗaya hukunci ba, kuma kuskure ne a tilasta wa gwaji ya yi shaidar da ba tasa ba. Ɓacewar turjiya ba saɓa al'ada ba ce. Wata al'ada ce da ba a kai gare ta ba, wadda take maimaituwa a Leiden da Karlsruhe da Tokyo a sanyi ɗaya. Mabiyin Ibn Rushd zai ce ɗabi'ar niyobiyam ce ta bayyana. Mabiyin Algazali zai ce sunnar Allah ce a cikin halittarsa, wadda ba ta sauyawa don son ran mai gwaji. Ma'aunin zafi da na lantarki lamba ɗaya za su ba su duka. Inda suka haɗu ya fi inda suka rabu muhimmanci ga wannan tambaya: babu ɗayansu da ya ba mai tanderu matsayin mai samar da siffar. Bayanin da ya fi dacewa da abin da ke faruwa a bututun shi ne na Attugra'i, duk da cewa sana'ar da ya kare da shi ba ta kai ga zinariya ba. Mai aikin yana da zafi, matsi, yawan iska da saurin zare a hannunsa. Waɗannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in babu su fatar ba za ta wanzu ba, kuma shi ne abin yabo ko zargi a kan abin da aka yi da ita. Amma abin da zai fito idan sharuɗɗan suka cika, ba shi ya rubuta ba.

Hujjar Ibn Khaldun

Ibn Khaldun ya kafa ƙin alkimiyya a kan sani. Ya ce zinariya tana bin matakai masu yawa a cikin ƙasa a tsawon zamani, kuma wanda zai kwaikwayi wannan dole ya san kowane mataki, da gwargwadon zafinsa da lokacinsa, abin da ilimin mutum ba zai kewaye ba. Ya ƙara da cewa ɗabi'a ba ta barin gajeriyar hanya ta bi doguwa, don haka da akwai gajeriya da ita ta bi. Ga zinariya ya yi gaskiya a sakamako. A matsayin doka ta gaba ɗaya kuwa, shafen tururi ya karya ta ta fuska biyu. Ba a kwaikwayi hanyar ƙasa ba, wata hanya aka bi wadda ƙasa ba ta bi. Kuma ba a jira cikar sani ba: an ga haɗin niyobiyam da naitirojin yana aiki shekara 16 kafin bayanin 1957, bayanin kuma ko da ya zo bai faɗi wane haɗi za a gwada gobe ba.

Ta wani gefen, iyakar da yake ji a jikinsa tana nan, ta dai sauya wuri. Zaren kabon da aka shafe ya yi aiki a ɗakin gwaji, amma bai kai kasuwa ba. Samun fata iri ɗaya a kan dubban sili a tsawon kilomita ya yi tsada, fatar kashi kaɗan ce na kaurin wayar, ga kuma haɗin niyobiyam da titaniyam, wanda ake ja kamar kowace waya, ya riga ya kama kasuwa. Shi ke cikin na'urorin hoton jiki na MRI a asibitoci da babban injin harba ƙwayoyi na CERN da ke kusa da Janeba. Manyan maganaɗisun injin haɗa ƙwayoyin zarra na ITER da ake ginawa a kudancin Faransa da shi da haɗin niyobiyam da kuza aka yi su.

Hanyar tururin dai ba ta mutu ba, ta koma kan wasu kaya. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken IBM a Zurich suka gano wannan hali a wani haɗin jan ƙarfe da oksijin mai kama da tangaran, a wajen kelbin 35. A 1987 aka samu ɗan'uwansa mai aiki a kelbin 93, sama da sanyin ruwan naitirojin, wanda yake kelbin 77 kuma ya fi hiliyam araha sosai. Su ma gautsi gare su, don haka ake ɗora su a fata mai kaurin maikiromita ɗaya ko biyu a kan siririn ƙyallen ƙarfe, kuma wasu masana'antu da tururin sinadarai suke yin wannan shafe. Ana ƙera ƙyallen ana sayarwa kilomita-kilomita, ana naɗa maganaɗisu da shi, alhali har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya na abin da ke haɗa ilektiron biyu-biyu a cikinsa ba.